Kafin ka sauke parabol daga saman ɗaki

Ƴan uwana matasa, musamman ku da kuka fara riƙe gida a nan Yamai, ina da magana da ku. Kwanakin nan duk fadar da ka zauna shan shayi, daga Bukoki har Talladje, sai ka ji wani yana cewa ya daina biyan kuɗin dikoda, ya koma kallo ta intanet, ya huta da asarar wata-wata. Niyyar mai kyau ce, ban raina ta ba. A ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi yake jikka 42 tun farkon 2024, duk wanda ya tsaya ya duba inda jikka 10 take tafiya kowane wata ya yi hankali. Amma na riga ku bin wannan hanya, na ji a jikina, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Jikka 10 nake biya a wata lokacin da na yanke shawarar dainawa. Na sayi ɗan akwatin nan na Android, na jona shi da telebijin, ina ba shi intanet daga wayata. Makon farko daɗi kamar me. Abin da muke so muke kallo, a lokacin da muke so. Sai dai forfe ya riƙa ƙarewa ba sallama. Yau in sa na jikka ɗaya, jibi na jikka biyu, tsakiyar wasan ƙwallo hoto ya tsaya in yi maza in ƙara na dala ɗari. Ban taɓa jin nauyinsa ba, saboda ban taɓa fitar da shi a dunƙule ba. Uwargida ce ranar wata Juma'a ta karɓi wayata, ta bi saƙonnin sayen forfe ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa a bayan littafin cefane. Da ta gama ta miƙo mini ba ta ce komai ba. Jikka 23 a wata guda. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ku fahimci dalilin, don kada ku ɗauka sakacina ne kawai. Tauraron ɗan Adam sau ɗaya yake watso shiri, duk mai parabol ya kama. Ka kalli awa ɗaya ko ka bar telebijin a kunne tun asuba har dare, ku biyu ne ko ku ashirin, kuɗin bai canza ba. Intanet kuwa awo ake yi maka kamar mai sayen gero da tiya. Kowace daƙiƙa ta hoto sai an jawo ta, kuma kowace waya tana jawo nata daban. Netflix, masu nuna fina-finai ta intanet, da kansu sun bayyana cewa kallon awa ɗaya yana iya cin jiga 1 a hoto na yau da kullum, har jiga 3 a hoto mai tsabta sosai, jiga 7 a wanda ya fi shi. Wasan ƙwallo ɗaya da hutun rabin lokaci ya kusa awa biyu. To gidan da ake kallo awa huɗu a rana, a wata awa 120 ke nan. Ka ɗauki biro ka buga wannan da farashin jiga a layin da kake amfani da shi, sannan ka ɗora kuɗin rajistar wata idan manhajar ta biya ce. Abin da ya fito shi za ka ajiye kusa da kuɗin dikoda ka gwada.

Wannan shawara ta yanke tashoshin biya, daga Amurka ta taso, inda Netflix ya fara nuna fina-finai ta intanet a 2007, kafin ya iso ƙasashenmu a watan Janairun 2016. Can yawancin gidaje suna da intanet na gida da ake biya sau ɗaya a wata, kuma dama suna biyansa ko da kallo ko babu. Idan mutuminsu ya yanke tashoshi, ribarsa a fili take. Mu da muke sayen mega da kaɗan-kaɗan, idan muka kwafi shawarar ba tare da duba aljihunmu ba, garin neman gira sai mu rasa ido.

Amma wallahi ba kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba. A cikin watannin nan mahaifiyata ta zo daga Tawa ganin likita, ta yi mako uku a wurinmu. Ita al'adarta bayan sallar magariba ta zauna gaban tashar da ke nuna Harami, tana kallon ɗawafi tana jan carbi. A gida lamba ɗaya take dannawa ta samu. Daren farko ta zauna kan darduma ta dubi telebijin, ta ga hotuna birjik da rubutun da ba ta karantawa.

"Ina tashar Makka?"

"Inna, bari in haɗa miki, yanzu da waya ake yi."

Na haɗa. Bayan ɗan lokaci aka kira ni, hoton ya tsaya. Washegari zan fita aiki da wayar, gidan ya zama ba kallo gaba ɗaya. A dare na uku na ɗauko waya zan kunna mata, sai ta ɗaga hannu.

"Bar shi, ɗan nan. Kada in cinye maka kuɗin waya."

Uwata, a gidana, tana jin nauyin kallon Ka'aba. Na rasa inda zan sa kaina. Kafin ka canza tsarin kallo a gida, ka tuna ba kai kaɗai ke cikinsa ba. Akwai tsoho mai jiran labaran dare, akwai matar da telebijin ke ɗebe mata kewa kana wurin nema, akwai baƙo.

Sai yara. Telebijin na tsakar gida kowa yana ganin abin da ake kallo, in abin kunya ya fito babba ya canza tasha. Waya kuwa yaro yana shigewa ɗaki da ita, bidiyo ya ƙare wani ya hau da kansa, ba mai tambayar shekarunsa. In dai za ku koma intanet, ku bar kallon a babban allo inda ido ke kai, ku buɗe wa yara sashensu daban, ku sa lambar sirri a naku. Wannan amana ce, za a tambaye mu.

Ina kuma jan kunnenku kan masu tallar lambar buɗe tashoshi a WhatsApp, wai da ƴan jikkuna ka samu duk tashoshin duniya shekara guda. Araha ba ta ado. Tashoshin sata ne, ranar babban wasa suke tsinkewa, in an rufe su ka kira mai sayarwa ka ji waya a kashe, ba inda za ka kai ƙara. Shafukan ƙwallo na banza kuma cike suke da tallar caca, tana faɗowa kan allo gaban ƙaninka. Ban da haka akwai haƙƙi. Masu shirya fim na Hausa bashi suke ci su yi aiki, kuma da yawansu sun sa shirye-shiryensu a tasharsu ta YouTube kyauta. Kalla a can, su samu ɗan abin da talla ke kawowa, ya fi ka kalla a hannun wanda ya kwafe musu.

Ba cewa nake ku ci gaba da biyan abin da ba ku iyawa ba. Akwai wanda komawa intanet ya yi masa riba sosai: wanda dama yana da wifi marar iyaka a gida saboda aikinsa, ko gwauron da kallonsa bai wuce awa ɗaya kafin barci ba. Starlink ma, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a Nijar a hukumance a 2025, sai dai kuɗin na'urarsa na farko da na wata ba na kowane gida ba ne, kuma shi ma in kuran ya ɗauke ya ɗauke.

Ga yadda na yi, kowa ya ɗauki abin da ya dace da shi. Télé Sahel da tashoshin gida masu zaman kansu irin su Dounia da Ténéré da Bonferey suna nan, labarai da kokowar takobin ƙasa ba sai da intanet ba. Tashoshin kyauta na taurarin Nilesat da Arabsat, ciki har da ta Harami, dikodar kyauta ke kama su, sau ɗaya ake saye a gama. Tashoshin biya kuwa ba aure aka ɗaura muku ba. Manyan gasannin Turai daga Agusta zuwa Mayu ake buga su, don haka watan da ba abin da nake bi ba na sabuntawa, watan da hannu ya yi ƙunci in sauka ƙaramin tsari. A waya na rage tsabtar hoto zuwa 360 ko 480, a ƙaramin allo ya wadatar. Shirin da zan kalla da iyali ina sauke shi inda na samu wifi da izinin mai shi. Kuma idan ka yi rajistar wata manhaja da katin banki, ka shiga ka kashe sabuntawa ta kai tsaye tun ranar farko, in ba haka ba za ta riƙa cira kana barci. Manhaja ɗaya a lokaci guda ta isa.

Kwana biyu bayan maganar Inna na kira mai gyaran parabol. Ya hau saman ɗaki da ɗan telebijin ɗinsa yana juya faranti a hankali, ɗana yana tsaye bakin ƙofa yana leƙen allo, har ya ƙwala kira: "Baba, ya zo!" Jikka biyu na ba shi. Da magariba Inna ta shimfiɗa dardumarta, ta danna lambar da kanta.