In za a sauya fatar Snape, a sauya rubutun ma

Tun watan Afrilun 2025 da tashar talabijin ta Amurka HBO ta sanar cewa Paapa Essiedu ne zai fito a matsayin Severus Snape, malami a makarantar matsafa wanda farare suka saba takawa, a sabon shirin Harry Potter mai dogon zango, gardamar ta ƙi mutuwa, kuma har yau a inda bai dace ba ake yin ta. Wannan ya ce baƙar fata ya samu babban rol, mu yi murna. Wancan ya ce an ɓata masa Snape ɗinsa. Abin da ke ƙona min rai shi ne babu mai buɗe littafin ya duba. Kamfanin ya yi ganganci, jama'a. Ya taɓa fatar mutum ɗaya a labarin da aka saƙa kamar tabarma, ya zaci sauran kabar ba za ta motsa ba.

Kada wani ya kawo min maganar iya wasa. Essiedu ɗan Ingila ne, asalin iyayensa Ghana, kuma a 2016 ya fito a Hamlet a Royal Shakespeare Company, dandalin da ba a ba kowa. Zai iya ɗaukar abin da marigayi Alan Rickman ya ɗauka a finafinai takwas daga 2001 zuwa 2011. Rol ɗin ne abin dubawa.

A bi shi daki-daki. A littafi na farko, daren da Harry ya fara shiga makarantar, ya ɗaga ido ya ga Snape, tabon goshinsa ya yi zafi. Daga ranar har ƙarshen shekara shi da abokansa biyu suna zargin malamin nan da sata da yunƙurin kisa, sai a ƙarshe ta bayyana wani malamin, Quirrell, shi ne mai laifin. A littafin, abin da ya jawo zargin shi ne tsanar da Snape ke nuna wa Harry, da baƙar rigarsa, da muguwar fuskarsa. Yanzu a sa wannan a gaban kyamara: yaro fari ya kalli malami baƙar fata sau ɗaya, ya yanke masa hukuncin ɓarawo. Mai kallo ba zai ga abin da marubuciyar ta nufa ba. A littafi na uku kuma, da aka sa kowane ɗalibi ya fuskanci abin da ya fi tsoro a duniya, na Neville, ɗan ajinsu Harry, Snape ne. Shi ma a ɗora shi a kan wancan.

Wanda ya fi duka nauyi yana littafi na biyar. Bayan jarrabawa, a bakin tafki, kusa da wata bishiya, James Potter, mahaifin Harry a lokacin yana ɗalibi, da abokinsa Sirius Black, 'ya'yan manyan gidaje masu dukiya, suka tare Snape, ɗan talakawa daga unguwar masaƙa. James ya rataye shi a iska, kai ƙasa ƙafa sama, ɗalibai sun kewaye suna dariya. Lily, wadda daga baya ta auri James ta haifi Harry, ta tambayi James me yaron ya yi masa, ya amsa mata da cewa kasancewarsa a duniya ita ce laifin. Wannan a Birtaniya ta shekarun 1970 ne, lokacin da 'yan jam'iyyar National Front ke maci a tituna suna neman a kori baƙi. Ku sa ƙaramin Snape ya zama baƙin yaro, domin dole ne ya zama, tun da mutum ba ya sauya launi idan ya girma. Me ya fito? Fararen yara masu kuɗi sun rataye baƙin yaro kusa da bishiya don kawai yana raye. Duk wanda ya san tarihin rataye baƙaƙe a kudancin Amurka ya san hoton nan. Mahaifin Harry ya tashi daga yaro mai girman kai da zalunci wanda daga baya ya shiryu, ya koma wani abu dabam ƙwarai. To wa zai rubuta tubarsa? A wace fitowa?

Za a ce ai a duniyar matsafan nan ba launi ake dubawa ba, jini ake dubawa. Na ji. Amma mai kallo ba a duniyar matsafa yake zaune ba, da idonsa na duniyar nan yake kallo. Kuma maganar jinin ma ta ƙara dagula lamarin: Snape ne ya shiga ƙungiyar masu aƙidar tsarkin jini, shi ne ya kira Lily mai ƙazamin jini a gaban jama'a. Ke nan baƙin mutumin da ya fi fice a shirin shi ne ɗan ƙungiyar wariya, shi ne ya ƙare rayuwarsa yana begen matar wani, shi ne ya kashe shugaban makaranta. Wannan ne wakilcin da ake so mu yi wa guɗa?

Aikin da ya kamata a yi kafin irin wannan sauyi sananne ne a sana'ar. Marubuci ya zauna da littafin ya fitar da duk inda aka siffanta jikin mutumin, ya ware wanda ado ne da wanda labari ya jingina a kansa. Sai ya bi dangi: uwa, uba, yarintarsa, unguwarsu, domin su ma an taɓa su. Sai ya bi kowace fitowa da aka zage shi, ko aka doke shi, ko aka zarge shi, ya tambayi kansa me wannan zai nufa da sabuwar fuskar. Inda ma'ana ta karkace, ko a sake rubutawa ko a fasa sauyin. Hatta gashi. A littafin, maiƙon gashin Snape alamar ƙazanta ce da rashin kulawa, da shi ake yi masa ba'a. A kan gashinmu, mai gyara ne. Da fushi ya kama shi ana cewa fuskarsa ta yi fari fat; wannan alamar ta tafi, sai an nemo wata. Ƙananan abubuwa ne, amma da su aka gina mutumin.

Ku dubi wanda aka yi daidai. A 2011 Marvel, masu labaran Spider-Man, ba ta shafa wa Peter Parker, Spider-Man na asali, baƙin fenti ba. Ta ƙirƙiro sabon Spider-Man, Miles Morales, yaron Brooklyn, ubansa baƙar fata, uwarsa 'yar Puerto Rico, ana jin Sifaniyanci a gidansu, yana da kawunsa da ya jefa shi a tsaka mai wuya. Fim ɗinsa na 2018 ya ci Oscar. Peter yana nan, Miles yana nan, kowa da labarinsa. Ko The Little Mermaid na 2023 da Halle Bailey, inda launin 'yar ruwa bai riƙe komai a labarin ba, sai da aka mayar da masarautar wani tsibiri mai kama da yankin Karebiyan, aka yi wa yarima uwar riƙo baƙar fata. Duk da haka yarinyar ta sha zagi tun 2019 da aka ambaci sunanta. Haka ake yi kullum: kamfani ya yanke shawara a ofis, jarumi ya sha jifa a intanet.

Kuma ƙa'idar ba ta da ɓangare. Da aka ba Scarlett Johansson rol ɗin 'yar Japan a Ghost in the Shell a 2017, kuskure ne. Da aka ba Tilda Swinton dattijon Tibet a Doctor Strange a 2016, kuskure ne. Ed Skrein ya janye daga Hellboy a 2017 da ya gano mutumin da zai taka jinin Japan ne, kuma ya kyauta.

Batun mayar da wani mai son jinsinsa ma ciwon ɗaya ne, kuma a nan asirin kamfanonin ya fi tonuwa. An yi ta yayata cewa LeFou a Beauty and the Beast na 2017 mai son jinsinsa ne, ashe 'yar rawa ce ta wasu daƙiƙu a ƙarshen fim. A 2022 Warner Bros ta yanke daƙiƙa shida na maganar soyayyar Dumbledore, shugaban makarantar su Harry, da wani namiji a fim ɗin Fantastic Beasts: The Secrets of Dumbledore don a haska shi a Sin, kuma da bakinta ta ce ruhin fim ɗin bai taɓu ba. Abin da almakashi zai cire a daƙiƙa shida ba a gina shi cikin labari ba, liƙa shi aka yi don talla. Ko kana so ko kana ƙi, wannan ya kamata ka gane.

Mu da muka tashi da Magana Jari Ce mun san yadda ake aro. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiya da Turai, amma bai sa wa Bature rawani ya tsaya nan ba. Ya sauya gari, ya sauya sarauta, ya sauya alƙali da kasuwa da karin magana, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru.

Akwai ma maganar haske, wadda ba a cika yi ba. Ajin Snape a ƙarƙashin ƙasa yake, bango duhu, riga baƙa. Fitilar da ta isa farar fuska a irin wurin nan ba za ta fitar da baƙar fuska ba. Ana bukatar haske mai faɗi mai laushi daga gefe, da wani siriri daga baya ya raba kafaɗa da bango, kuma a bar fatar da ɗan sheƙi, kada a kashe ta da hoda. In aka ƙara ƙarfin fitila kawai, fuskar fararen da ke gefensa ta ƙone. Wannan ne ma ke damuna da finafinanmu na Kannywood: a haska jaruma da fitila ɗaya daga gaba, baƙar ta yi toka-toka, sai a ce kyamara ba ta son ta, a nemo fara. 'Yar mai kuɗi fara, 'yar aiki baƙa, yarinya kuma ta koma gida ta sayi man bilicin. Allon mayar da haske guda ɗaya da fitila ta biyu sun isa su gyara hoton nan, kuma kuɗinsu bai kai na hayar motar da ake nunawa a ƙofar gidan Alhaji ba.