Bita a otal, dashe a bakin akuya

Shekaranjiya wani ƙanena da ke aiki a sashen gona na wata ƙaramar hukuma ya turo min hoto. Ga shi tsaye gaban wani ƙaton allo, jaka a kafaɗa, takardar shaida a hannu, yana ta murmushi. An kai su bitar kwana uku kan kare muhalli a wani otal a babban birnin jiha, wani kamfanin masu ba da shawara ne ya shirya. Na yi masa murna, sannan na tambaye shi su wa aka kai daga wajensu. Ya ce ciyaman, da sakatare, da daraktoci uku, da kansiloli biyu. Shi ma ya samu shiga ne don ogansa ya tafi ta'aziyya. Na ce duba-gari fa? Babu. Malamin daji? Babu.

Na daɗe a aikin ƙaramar hukuma kafin na yi ritaya, don haka ku yi haƙuri, yau zan tsawaita.

Ba na cikin masu cewa ɗauko ƙwararre asarar kuɗi ne. Ƙaramar hukumar da ba ta da injiniyan ruwa ko ɗaya ba za ta iya tsara magudanar da za ta ɗauke ruwan damina daga tsakiyar gari ba. Zaizayar ƙasa da ta fara cin gidaje ba a tare ta da buhunan yashi da fatan alheri, sai an auna gangaren ƙasa, an san ta ina ruwan ke tahowa da kuma yawansa. Ko takardar neman tallafi daga masu ba da agaji tana da nata salon rubutu, wanda bai sani ba zai yi ta aikawa ana yi masa shiru. Duk wannan aikin ƙwararru ne, kuma guminsu halal ne. Damuwata ita ce abin da ke saura a sakatariya bayan motarsu ta juya.

Wata shekara an kawo mana shirin dashen itatuwa. Ƙwararren da aka ɗauko, tsakani da Allah, ya san aikinsa. Ya zaga, ya ɗebi ƙasa, ya rubuta rahoto mai kauri da taswira mai launi. A ciki ya ce a dasa da zarar damina ta kankama, a kewaye kowace shuka, a ware kuɗin ban ruwa na rani biyu. Aka biya shi ranar da ya miƙa rahoton, domin haka yarjejeniyar ta ce. Kuɗin sayen dashe bai fito ba sai wajen ƙarshen Satumba. Aka jibge mana darbejiya cikin baƙar leda, aka kira 'yan jarida, mai girma ya sa sabuwar shebur ya dasa guda ɗaya, aka tafa. Kuɗin shinge da na ban ruwa ba mu taɓa ganin ƙeyarsu ba. Kafin hunturu ya wuce, abin da rana ta bari awaki sun gama da shi. Rahoton kuwa na sake ganinsa bayan shekaru a ƙasan kabad, gara ta cinye taswirar. Malamin dajinmu, wanda ya san kowane fadama da kowane tudu a yankin, bai taɓa riƙe littafin a hannunsa ba. Ko da ya riƙe, da Turancin jami'a aka rubuta shi.

Abin da ya sa nake tada maganar yanzu shi ne kuɗi na tafe, kuma inda kuɗi ya nufa can masu ba da shawara ke nufa. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Kowa ya ga irin jan ƙafar da ake yi wajen aiwatarwa, amma hukuncin na nan. Ga kuma shirin ACReSAL da Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021, dala miliyan 700, domin jihohin Arewa 19 da Abuja, da nufin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya ta ƙasar da ta lalace. Mutane da yawa na ɗauka kyauta ce. Bashi ne, jama'a, mu da 'ya'yanmu za mu biya. To in bashi za a ci don a koyar da mutane, ai ya kamata a tambaya wa aka koyar.

Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora wa ƙaramar hukuma kwashe shara, da kula da magudanan ruwa, da banɗakunan jama'a, da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka. Duk waɗannan ba ciyaman ke yin su da hannunsa ba. Ciyaman baƙo ne, wa'adinsa na cika ya tafi da jakar bitarsa. Wanda zai zauna shekara talatin shi ne duba-garin nan da ya fito daga Makarantar Tsafta ta Kano ko irinta, aka ba shi kujera babu babur, babu ko safar hannu. Iyayenmu suna ba da labarin lokacin da jin duba-gari ya shigo unguwa ke sa mata su ruga wanke randa. Yau yaro a unguwa bai san akwai mai wannan suna ba, alhali kwata ta toshe da ledar ruwa a ƙofar gidansu.

Duk lokacin da aka yi wannan zance sai na tuna Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya je can yana aikin dashen itatuwa, mafi yawan abin da ya dasa yana mutuwa, kamar dai namu. Daga baya ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kafin shuka ba ciyawa ba ne, toho ne daga kututturen bishiyoyin da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake buƙata kawai shi ne manomi ya zaɓi reshe mafi ƙarfi, ya datse sauran, ya kare shi. Babu leda, babu tankin ruwa, wuƙa ko lauje ya isa. Da farko manoma sun ɗauke shi mahaukaci, don a wajensu gona mai kyau ita ce wadda aka share fes. Mutumin bai rubuta rahoto ya hau jirgi ba. Ya zauna shekara da shekaru, yana magana da su da Hausa a cikin gona. Sannan da aka sassauta dokar da ta mai da kowace bishiya mallakar gwamnati, manomi ya san gawon da ya rena nasa ne, sai abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Masu bincike sun ƙiyasta hekta kusan miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, musamman yankunan Maraɗi da Damagaram. Daga Jibiya ko Maigatari zuwa can ba wata tafiya ba ce. Kuɗin ɗaki da abincin bita ɗaya zai cika motoci da malaman daji da dagatai su je su gani da idonsu, su tambayi manomi ɗan'uwansu ba tare da tafinta ba. Amma wa zai samu alawus mai tsoka a tafiyar Maraɗi?

Da ni ne ke sa hannu a yarjejeniya, ba zan biya ƙwararre kuɗinsa duka ranar miƙa rahoto ba. Zan riƙe wani kaso sai rani ya wuce, mu fita tare mu ƙirga abin da ya rayu. Na san zai ce ai ba laifinsa ba ne in hukuma ta ƙi sakin kuɗin shinge, kuma ya yi gaskiya. Sai dai ranar da haƙƙinsa ya rataya a wuyan shukar nan, shi da kansa zai tsaya wa ciyaman a ƙofar ofis, kuma ba zai yarda a dasa a Satumba ba. Zan kuma haɗa shi da ma'aikata biyu ko uku da za su bi shi ƙafa da ƙafa, su riƙe na'urar awo da hannunsu, sannan in roƙi hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi kada ta ɗauke su bayan wata shida ta kai su sashen haraji. Wannan canjin wurin aiki ya kashe shirye-shirye fiye da fari. Kuma ba dole sai daga Abuja za a ɗauko ƙwararre ba. Jami'ar Bayero tana da cibiya guda ta binciken noma a busassun yankuna, ɗalibanta 'ya'yan ƙauyukan nan ne.

Akwai matsalar da ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma ɗaya, kamar ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, wadda sai jihohi da tarayya sun haɗa hannu. Wannan zancen wata rana ne.

Na ce wa ƙanen nawa ya turo min takardun da aka raba musu. Ya turo, kuma wallahi akwai abin amfani a ciki, musamman bayanin raba shara mai ruɓewa don yin taki. Duk da Turanci ne. Mun yi da shi zai zauna ya mai da shafukan nan Hausa, ranar kasuwa ya kira duba-garinsu da sarkin kasuwa su fara da bolar da ke bayan 'yan tumatir. Ya ce sai ya nemi izinin oga tukuna, kuma oga bai dawo daga ta'aziyya ba.