Ku daina yi wa dajin kan dutse lissafi da ka

'Yan'uwana matasa masu karatun gandun daji da masu aikin auna kabon (sinadarin da bishiyoyi da ƙasa ke adanawa), don Allah ku ji tsoron Allah a alƙalumanku. Da yawa in sun je dajin da ya tsiro a kan dutsen farar ƙasa, irin na Mfamosing a jihar Kuros Riba ko na kudancin Yunan a ƙasar Sin, sai su ɗora masa lissafin dajin da ƙasarsa ke da zurfi. Wannan ganganci ne.

A irin wannan wuri ƙasa maƙale take a tsagar dutse. Nan santimita 5 ka tarar da fa, taku biyu gaba sanda ta nutse mita guda. Wanda ya haƙi rami uku inda ƙasa ta taru ya ninka da hekta, ya rubuta kabon da babu shi. A fara auna kason filin da dutse ya cinye, a cire. Sannan a busar da samfurin ƙasar da aka ɗebo, a tankaɗe da rariya mai milimita 2, a ɗiga masa asid. In ya yi kumfa, akwai garin dutse a ciki, kuma shi ma yana ɗauke da kabon. Sai an narkar da shi kafin awo, in ba haka ba ku haɗa na dutse da na ruɓaɓɓen ganye.

Bishiya kuwa, a auna kaurinta a mita 1.3 daga ƙasa, ko sama da inda gindi ya yi fiffike. Kada a bar tsawo. Sau da yawa na kan dutse gajeru ne masu tauri, awon kauri kaɗai zai yaudare ku. Kusan kashi 47 cikin 100 na busasshen itace kabon ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu cewa a sare, ai za a dasa wasu. A kan me? Ruwan sama narkar da wannan dutse yake yi, ɗan abin da yake bari bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ƙasa ke ɗaukar ƙarnuka kafin ta taru. Da an kwashe inuwa, damina ta zurara da ƙasar cikin ramuka da kogunan dutse, kamar yadda tsaunukan lardin Guizhou na ƙasar Sin suka koma tsurar dutse. In kuma don siminti aka fasa, kowane tan na tsantsar dutsen da aka gasa yana sakin kusan kilo 440 na iskar kabon dayoksaid, ban da na bishiyoyin da aka kayar. Ku sa wannan ma a rahotonku.