Mayya bisa tsintsiya a Sakkwato? Haba Hajiya!

To an cire ni daga gurup ɗin karanta labarin nan, kun dai gani jiya da dare. Laifina guda, na tambayi marubuciya a wace unguwa ta Sakkwato dusar ƙanƙara take sauka. Naira 500 na biya na shiga, an ce labarin tarihi ne na maita da sirrin gida da soyayya, a shekarar 1903 lokacin da Turawa suka ci garin. Shafi na uku sai ga budurwa cikin bene mai hawa huɗu riƙe da kyandir, dusar ƙanƙara na zuba ta taga, kakarta mayya ta hau tsintsiya ta tashi sama da baƙar mage a kafaɗa. A watan Maris! Watan da aka yi faɗan Giginya tsakanin Turawa da mutanen Sakkwato, lokacin da ko kare ba ya iya taka ƙasa da rana saboda zafi.

Hajiya, wagga mayya taki ba tamu ba ce, daga fim ɗin Turawa kika kwaso ta kika ɗaura mata zane. Su suna da tarihinsu, a Salem ta Amurka an rataye mutum 19 a 1692 kan zargin maita, shi ya sa marubutansu suke komawa can. Mu ma muna da namu, me ya kai ki aro?

Mayen Bahaushe ba ya hawa tsintsiya. Ƙanƙara aka ce yana da ita a ciki, kurwa yake kamawa, mara lafiya ya kwanta yana kiran sunansa, a taru a ce sai ya zo ya tsallake shi. A nono ake shan maita, shi ya sa in ana bincike wajen uwa ake fara dubawa, wanda ya gada ta uba kaɗai an ce gani yake amma ba ya ci. Wa bai taɓa jin tsohuwa ta ce kurwata kur ba? Duk wanga kika bari kika tafi neman kyandir.

Wai "ai labari ne, ƙirƙira ce". Na ji. Wata kuma ta ce in rubuta nawa in na isa. Sai na iya kitso kafin in ce an yi mini mummuna? Kuma in tsohon gini mai ban tsoro kike so, ga kufan Surame nan wajen Binji, birnin Kanta na Kabi tun ƙarni na 16, ganuwar dutse har yau tsaye. Ga Alƙalawa, babban birnin Gobir, da ta faɗi a 1808. Muna da namu nake gaya miki.

Wallahi ba don wasa abin ya ɓata mini rai ba. Muna yara akwai wata 'yar maƙwabtanmu, kyakkyawa mai kunya, an sa rana, an kawo lefe, har an fara jere. Sai wata gwaggon ango ta tafi bincike ƙauyen su uwar yarinya ta dawo ta raɗa magana guda. Da magariba aka aiko a kwashe akwatuna, ba wanda ya faɗi dalili, amma daga ranar ba mai sayen furar gidansu, mu ma Inna ta hana mu shiga. Ina tuna ta zaune a zaure da ƙunshi bai ko goge a ƙafarta ba. Ba ta ci kurwar kowa ba, ƙazafi ne tsagwaronsa, Allah ya yafe mana. Ga sirrin gida, ga soyayya, ga tsoro duk a zaure guda, kuma ba mage ba bene.

Da ma kin sa jajin 'Yan Taru na Nana Asma'u a ciki, wato malaman da ta tura su karantar da mata, mata masu malfa suna bin ƙauyuka suna raba mutane da bori, da labarin ya tashi.

Af, adimin, 500 ɗina fa? Kuma in akwai mai tafiya Binji ƙarshen wata ya yi mini magana, an ce sai da ɗan gari ake shiga Surame, ni kuma ban san kowa can ba.