Mudu Biyu a Kasuwa Ɗaya: Yadda Ake Auna Ɗan Gida a Kujerar Koci

Ban yarda ba cewa Jami'ar Nebraska ta yi wa Scott Frost gaggawa da ta kore shi daga kujerar kocin ƙungiyarta ta zari-rugar Amurka (American football), kuma duk wanda ya sake kawo mini wannan maganar sai ya zo da alƙaluma a hannunsa. Jiya a wurin sunan ɗan wani abokinmu, ana tsakiyar cin waina, wani ƙanena da nake ganin hankalinsa ya juyo ya ce da ni: "Yaya, ai da an ƙara masa shekara biyu da ya gyara, tunda ɗan gida ne, shi ya san ciwon ƙungiyar." Na yi shiru saboda taron farin ciki ne, amma maganar ta kwana tana ci mini rai, domin wannan kalma ta "ɗan gida" ita ce ta cinye wa Nebraska kakar wasa biyar, kuma har yau ita ce farkon abin da magoya baya ke furtawa duk lokacin da kujerar koci ta zama babu kowa a wata jami'a a Amurka.

Ku da kuke bibiyar zari-rugar jami'o'in Amurka kun san waye Frost, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba. Shi ne ya jagoranci 'yan wasan Nebraska a fili a 1997, shekarar da suka ɗauki kofin ƙasa na ƙarshe a ƙarƙashin koci Tom Osborne. A Disamban 2017 aka dawo da shi a matsayin koci da kwantiragin shekara 7 a kan dala miliyan 35. Ga abin da ya biyo baya: a 2018 ya ci wasa 4 aka ci shi 8, a 2019 ya ci 5 aka ci shi 7, a 2020 ya ci 3 aka ci shi 5, a 2021 ya ci 3 aka ci shi 9, sannan a 2022 ya ci 1 aka ci shi 2 kafin a sallame shi. Jimilla nasara 16 da rashin nasara 31, kuma babu kaka ko ɗaya da nasarorinsa suka rinjayi faɗuwarsa. Wannan shi ne mutumin da ake ce mini an yi masa gaggawa.

A ɗora wannan a kan sikeli ɗaya da waɗanda suka gabace shi. Mike Riley baƙo ne a Nebraska, ya yi kaka 3, ya ci 19 aka ci shi 19, aka nuna masa ƙofa. Bo Pelini bai taɓa buga wa Nebraska wasa ba, ya yi shekara 7 babu wadda ya ci ƙasa da wasa 9 a cikinta, duk da haka aka kore shi a 2014. Shi kuwa Frost, a Nuwamban 2019, lokacin da kowa ke ganin abin ba ya tafiya, ƙarin shekara 2 aka yi masa a kan kwantiraginsa. Da ya kusa kammala 2021 da nasara 3 kacal, sai aka rage masa albashi daga dala miliyan 5 zuwa miliyan 4, aka sallami wasu mataimakansa, shi aka bar shi a kan kujera. Mudu biyu ke nan a kasuwa ɗaya, ana auna wa bare da ƙarami, ana auna wa ɗan gida da babba har da gyara, kuma wannan shi ne abin da nake ƙi. Ban ce haramun ne tsohon ɗan wasa ya zama koci ba. Abin da na ce shi ne, daga ranar da aka ɗauki mutum saboda abin da ya yi yana ɗan shekara 22, an riga an ɗaure hannun wanda zai yi masa hisabi yana ɗan shekara 47.

Na kalli wasansa na ƙarshe a falon wani maƙwabcina, dattijo Bature wanda ya taso a cikin gonakin masarar jihar, kuma tun yana yaro mahaifinsa ke kai shi filin wasa na Lincoln, garin da jami'ar take. Daren Asabar ne, 10 ga Satumban 2022, ana karawa da Georgia Southern, ƙaramar ƙungiyar da aka biya kuɗi don ta zo a lallasa ta a gaban jama'a. Dattijon yana sanye da jar rigarsa da ta koɗe saboda wanki, ya ajiye kofin shayinsa a hannun kujera bai ko kurɓa ba. Baƙin suka yi ta ratsa masu tsaron Nebraska kamar wuƙa a cikin kabewa, har suka tashi da maki 45 da 42. Da ƙwallon ƙarshe da aka buga don a rama ta kauce wa raga, sai ya kashe sautin talabijin, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce mini shi har yanzu yana ganin yaron nan ne da ya ruga da ƙwallo a 1997. Ban ga laifinsa ba, domin mai goyon baya yana da 'yancin ya so wanda yake so, kuma Bahaushe ya riga ya ce so hana ganin laifi. Wanda nake tuhuma shi ne jami'in da ake biya albashi don ya ga laifin, amma ya zaɓi ya kalli abin da idon masoyi.

Washegari aka kore shi, kuma ko a korar sai da son ɗan gida ya ci kuɗi. Kuɗin sallamarsa dala miliyan 15 ne, alhali da an jira zuwa 1 ga Oktoba, wato ƙasa da mako 3, da sun ragu zuwa miliyan 7.5. An yi haƙurin shekara huɗu a inda bai kamata ba, har abin ya kai matsayin da ba za a iya haƙurin kwana 20 ba. Wanda ya sa hannu a takardar, daraktan wasanni Trev Alberts, shi ma tsohon ɗan wasan Nebraska ne, kuma shi ne ya bar Frost a kan kujera a ƙarshen 2021. Ban zarge shi da rashin gaskiya ba, amma kowa ya san nauyin da ke tsakanin mutanen da suka sa riga iri ɗaya.

Za a ce mini ai Frost ba da sunan tsohon ɗan wasa kaɗai ya zo ba, ya zo ne daga Jami'ar Central Florida (UCF) inda ya karɓi ƙungiyar da ba ta ci wasa ko ɗaya ba a 2015, ya mayar da ita mai cin wasa 13 babu faɗuwa a 2017. Gaskiya ne, kuma ban ga laifin ɗaukarsa a wancan lokacin ba, domin manyan jami'o'i da dama sun yi zawarcinsa. Sai dai wannan hujja ce ta ɗauka, ba ta isa hujjar riƙewa ba, kuma da baƙo ne ya zo da irin wannan tarihin ya yi kaka uku yana faɗuwa, da tuni an manta da sunansa a Lincoln. Za a kuma ce rashin sa'a ce, tunda duk wasanni 9 da aka ci shi a 2021 da tazarar da ba ta kai maki 10 ba ne. Wannan ma ban karɓa ba. A wasannin da tazara ba ta wuce ci ɗaya ba, wato maki 8 ko ƙasa da haka, Frost ya ci 5 aka ci shi 22, kuma abin da ya maimaitu sau 22 ya tashi daga tsautsayi ya koma hali. Na tuna wasan Dublin na buɗe kakar 2022, inda Nebraska ke gaban Northwestern da maki 11, sai ya ba da umarnin a yi gajeren bugun nan na kasada don a sake ƙwace ƙwallo, abin ya ƙi, ƙungiyarsa ba ta sake cin maki ko ɗaya ba, aka tashi 31 da 28. Northwestern kuwa ba ta sake cin wani wasa ba a duk wannan shekarar. Shawarar koci ce wannan, kuma kofin 1997 ba ya shiga fili ya gyara ta.

Sai kuma masu kawo Kirby Smart da Jim Harbaugh, kamar dai sunayen nan biyu sun kashe magana. Smart ya buga wa Georgia wasa, amma kafin a ba shi ragamarta ya yi kaka 9 a Alabama yana ɗaukar darasi a gindin babban koci Nick Saban, kuma a shekararsa ta biyu ya kai ƙungiyar wasan ƙarshe na ƙasa. Harbaugh ya horar da San Diego da Stanford, ya kai San Francisco wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwararru, kafin ya koma Michigan da ya taɓa buga wa wasa a 2015, kuma haƙurin da aka yi da shi lokacin da Ohio State ta ci shi sau 5 a jere haƙuri ne da aka yi da mutumin da ya ci wasa 10 a uku daga cikin kakarsa huɗu na farko. Frost bai taɓa wuce 5 a Nebraska ba. Waɗannan mutane da mudun bare ma aka auna su da sun cika shi, saboda haka ba su zama shaida ga mai neman a sauya mudu ba.

Idan ana son shaida ta gaskiya, a duba Texas Tech, inda abin ya faru a gida ɗaya. Mike Leach bai taɓa buga zari-ruga a jami'a ba, lauya ya karanta, amma ya ci wa Texas Tech wasa 84 a shekara 10. Kliff Kingsbury, wanda shi ne mai jefa ƙwallon Leach kuma gwarzon magoya baya, ya karɓi kujerar a 2013, ya yi kaka 6, ya ci 35 aka ci shi 40, alhali shahararren mai jefa ƙwallo Patrick Mahomes yana hannunsa a wani ɓangare na wannan lokacin. A duba Alabama ma, wadda ta daɗe tana neman magajin shahararren kocinta Bear Bryant a cikin tsofaffin 'yan wasanta, ta gwada Mike DuBose, ta gwada Mike Shula wanda Auburn ta ci shi sau 4 a jere, sai da ta haƙura ta ɗauko Saban a 2007, mutumin West Virginia da ya yi wasansa a Kent State, sannan kofunan ƙasa 6 suka shigo gidan.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san abin da koci ke yi daga Litinin zuwa Juma'a. Ɗan wasa jikinsa ɗaya yake sarrafawa, kuma yawancin abin da ya sa ya fi tsaransa baiwa ce da shi kansa ba zai iya bayyana ta da baki ba. Koci kuwa yana riƙe da matasa sama da 100, da mataimaka da dole ya zaɓa ya kuma iya korarsu ko da abokansa ne, yana shiga falon iyaye a garuruwa masu nisa don ya shawo kansu su ba shi ɗansu, yana raba lokacin atisaye, yana yanke shawara cikin daƙiƙa 40 da mutum dubu 80 a kansa. Tun daga 2021 kuma aikin ya ƙara nauyi, domin 'yan wasa sun samu damar karɓar kuɗi da sunansu da kuma sauya jami'a ba tare da zaman jira ba, ta yadda koci sai ya sake zawarcin yaran da ke hannunsa kowace shekara. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake koya ta hanyar rugawa da ƙwallo. Abin da tsohon ɗan wasa ya zo da shi wanda bare ba shi da shi, shi ne sanin waƙar makaranta da hanyar ɗakin sauya kaya da sunayen attajiran da ke ba da gudummawa, kuma wannan na ƙarshen shi ne yake sa korarsa ta zama kamar raba zumunci.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne yaran da suka shiga Nebraska a 2018 da 2019 saboda sun yarda da alkawarin da aka yi musu. Ɗan wasan jami'a kaka huɗu ko biyar yake da ita a duk rayuwarsa, ba a ƙara masa kwantiragi, ba a ba shi kuɗin sallama. Akwai waɗanda suka shiga suka fita ba su taɓa buga wasan kofin ƙarshen kaka ko sau ɗaya ba, a makarantar da ta ɗauki kofin ƙasa sau 5. Shekara biyun da ƙanena ke cewa a ƙara wa ɗan gida, daga cikin shekarun waɗannan yaran za a yanko su.

Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne Frank Solich, domin na san wani zai ce ai shi ma ɗan gida ne kuma an kore shi. Haka ne, ya buga wa Nebraska wasa a shekarun 1960, ya yi shekara 19 yana mataimakin Osborne, ya karɓi ƙungiyar ya ci 58 aka ci shi 19, aka kore shi a 2003 bayan kakar da ya ci wasa 9. Shi ne ɗan gidan da ya yi zaman almajirci har ya sauke, kuma shi ne aka auna da mudu mafi ƙanƙanta, saboda a lokacin gidan yana ƙoshe, ba a fara yunwar tuna baya ba. Ya tafi Jami'ar Ohio ya yi shekara 16 yana aikinsa ba hayaniya, ya ci wasa 115. Sai a 2023 aka gayyato shi Lincoln aka karrama shi a gaban jama'a, aka sa wa ɗakin sauya kayan 'yan wasa sunansa. Maƙwabcin nan nawa ya je wurin da jar rigarsa, ya dawo yana ba ni labarin yadda tsohon ya tsaya a tsakiyar fili yana ɗaga hannu, gashinsa duk ya yi fari.