A Tokyo ana tattalin tsohon fim, mu kuwa ina Turmin Danya?

Wani dattijo mai shagon tsofaffin kayan fim a unguwar Jimbocho ta Tokyo ya tambaye ni wane fim na ƙuruciyata na adana. Tambayar ta yi min zafi, don ko ɗaya ba ni da shi.

Shagon ɗan tsukuku ne, mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. Tun daga ƙasa har rufi an jera fastoci da 'yan ƙasidun da ake sayarwa a silima ranar nuna fim, kowacce cikin ledarta, an ware su bisa shekara da sunan darakta. Da hannu biyu ya miƙo min ta Taifu Kurabu, fim ɗin Shinji Somai na 1985, labarin 'yan makaranta masu tashen balaga da guguwa ta rutsa da su a aji. Somai ya rasu tun 2001, amma aka ɗauko Ohikkoshi nasa na 1993 aka sabunta hotonsa, har ya ci kyauta a bikin finafinai na Venice a 2023. Garin Onomichi kuwa har yau mutane na zuwa hawa matattakalan da darakta Nobuhiko Obayashi ya ɗauki finafinansa na matasa.

Kada a ce na zama ɗan kanzagin Japanawa. Su ma sun yi asara: girgizar ƙasa ta 1923 da gobarar yaƙi sun cinye akasarin finafinansu na farko. Kuma su suna da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa mai sanyi a garin Sagamihara, mu kuwa ga zafi, ga ƙura, ga wuta sai an ga dama. Kaset ɗin bidiyo ba ya jure wannan.

Sai dai ƙura ba ita kaɗai ba ce. Turmin Danya, ɗaya daga cikin finafinan bidiyo na Hausa na farko, ya fito a 1990, ƙanen Taifu Kurabu ne da shekara biyar. Wa zai nuna min kwafinsa mai kyau? Kaset ɗin da suka cika kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano fa, ina suka shige? Mun kalla, mun haddace waƙoƙin, sannan muka fito muna zagin 'yan fim. Mun san yadda fuskar uba ke sauyawa idan aka ce mai neman 'yarsa ɗan fim ne. Wanda ba ka yarda ka haɗa zuri'a da shi ba, yaushe za ka sa aikinsa a leda ka ajiye wa jikoki?