Ranar da Na Kai Surukina Gidan Fir'auna

Mako biyu bayan an cire wa surukina yanar ido a Alƙahira, ya ce shi fa ba zai koma Kano ba sai ya ga gidan Fir'auna da sabon idonsa. Ni kuwa a lokacin shekarata huɗu ina karatu a Masar, kaina ya cika da Larabci har yana yoyo. Tun a asibiti ni ne tafinta, likita ya faɗa in juya, Alhaji ya gyaɗa kai. Sai na ga ga damar da zan ƙara nuna masa bai yi asarar 'yarsa ba. Na ce, "Baba, ai dala kowa ya gani a kalanda. Luksor zan kai ka."

Muka bar maiɗakina da Hajiya a gida, muka hau jirgin ƙasa na dare, tafiyar kusan awa 10. Da hantsi muna Karnak, babban haikalin Fir'aunoni da ke Luksor. Na ɗauki ɗan jagora, wani siririn Bamisire mai gashin baki, wanda da alama tun da aka haife shi bai taɓa jin kalmar kunya ba.

Da farko komai lafiya lau. Muka shiga zauren nan mai ginshiƙai 134, wanda Seti na ɗaya da ɗansa Ramsis na biyu suka ƙawata fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Alhaji ya ɗaga kai har hularsa ta nemi faɗuwa, yana ta "Allahu Akbar, ina masu ginin yanzu?" Ina ta zuba bayani kamar ni na kwaɓa ƙasar.

Can sai ya tsaya cak a gaban wani ginshiƙi.

Hoton wani mutum ne aka sassaƙa, ƙafafunsa a haɗe kamar an naɗe shi da likkafani, dogayen fuka-fukai biyu a kansa, hannu ɗaya a ɗage da bulala. Duk wannan ba matsala. Matsalar tana daga cibiya zuwa ƙasa. Bawan Allah ba wando, ba bante, kuma gabansa a miƙe yake sambal yana nuna gabas, kamar mai ba matafiya kwatance.

Na yi addu'ar Allah ya sa aikin idon bai gama kamawa ba.

"Malam," in ji Alhaji, don haka yake kirana, "wannan kuma mene ne a jikinsa?"

Na ce, "Sandar sarauta ce, Baba."

"A nan suke riƙe ta?"

"E, al'adarsu ce."

Kafin in ja shi gaba, ɗan jagora ya iso da murna kamar an taɓo masa inda yake ƙaiƙayi. Ya ce wannan ai Min ne, gunkin haihuwa da ƙarfin maza, a nan an haɗe shi da babban gunkinsu Amun. Garuruwansa Ƙift da Akhmim. Da farkon kaka ake fito da shi a zaga gari, Fir'auna da kansa ya yanki damin farko na hatsi a gabansa. Ya nuna wasu dogayen tsirrai da aka zana a bayan gunkin, ya ce latas ne. Latas ɗinsu dogo ne, tsaye yake fita, in ka karya shi kuma wani farin ruwa kamar madara ke tsattsafowa, shi ya sa suka ɗauke shi abincin Min, maganin maza. Har da kwatance da hannu ya yi, Allah ya isa.

Alhaji ya juyo. "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce sarkin noma ne. Yana son ganye."

Alhaji ya ce, "Ikon Allah. Duk wannan dogon zancen?"

"Larabci ne, Baba, yana da tsawo."

Na ja shi zuwa wani ginshiƙin. Ga Min. Na juya da shi hagu. Ga Min. Wallahi mutanen nan ba su da aikin yi, kusan duk inda ka waiga a zauren nan sai ka yi ido huɗu da shi, in ma ido za a kira abin. Ƙarshe na koma nuna wa Alhaji sama, ina cewa ya dubi fentin da ya rage a can ƙololuwa. Dattijo mai shekara 70 na sa shi yawo da wuya a sage.

Ɗan jagora kuwa ya samu wuri. Ya ce su mutanen da ba su ɗauki wannan abin kunya ba, a wurinsu haihuwa ita ce ci gaban duniya. Aure ma ba ɗaurin aure ba walima, mace ta kwashe kayanta ta tare a gidan namiji, shi ke nan an kafa gida, kuma dukiyarta tata ce ko an rabu. Wannan na fassara shi tsaf. Alhaji, wanda ya yi wa 'ya'ya mata shida kayan ɗaki, ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe akwai abin da Fir'auna ya fi mu."

Sai mutumin ya shiga gidan sarauta. Tutankamun 'yar'uwarsa ya aura. Ramsis na biyu ya haifi 'ya'ya kusan 100, cikin manyan matansa har da 'ya'yan cikinsa. Na ce wa Alhaji, "Suna son auren zumunci sosai."

Da ya zo kan gwajin ciki na ɗan samu sauƙi, don Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Mace za ta riƙa yin fitsari kullum a kan alkama da sha'ir. In suka tsiro tana da ciki, sha'ir namiji, alkama mace. A 1963 ma an gwada abin, aka ga fitsarin masu ciki yana tsirar da hatsin kusan sau 70 cikin 100, sai dai zancen namiji ko mace bai tabbata ba. Na juya masa, amma fitsarin na mayar da shi "ban ruwa". Maganin hana ɗaukar ciki kuwa, wanda aka rubuta a wata tsohuwar takardar magani da ake kira Kahun wajen shekara 1,800 kafin haihuwar Annabi Isa, da kashin kada ake haɗa shi. Wannan ko tari ban yi a kansa ba.

A bakin tafkin haikalin akwai wani ƙaton buzuzu na dutse, Turawa na ta zagaya shi kamar an ɗaure su a turke. Ɗan jagora ya dube ni ya ce ina da aure? Na ce shekara uku. Yara nawa? Na ce tukuna. Ya tafa hannu, ya ce to ai ga magani, in zagaya sau bakwai, in kuma dage da latas. Ya faɗa da ƙarfi, yana kashe mini ido, yana nuna Alhaji wai ya taya shi lallashina.

Na ce wa Alhaji, "Tambaya yake ko mun gaji."

"Ka ce masa mun gode," in ji shi, yana kallon tafki.

Da daddare muka zauna a wani ɗan gidan abinci kusa da tasha. Na wanke hannu ina jin kaina gwarzo, na haye rana guda a kan siraɗi ban zame ba. Aka kawo gurasa, wake, gasasshiyar kaza, da ɗan faranti na ganye. Ina shirin kiran yaron shagon in sa ya kawo shayi, sai Alhaji ya riga ni ɗaga hannu.

Ya yi masa magana da Larabci. Larabci tatacce, irin na Sudan, mai taushi kamar an shafa masa man shanu. Nan take na tuna labarin da maiɗakina ta sha ba ni ina rabin saurare, cewa Baba da ƙuruciyarsa ya tafi Makka ta ƙasa, ya yi shekara bakwai a Omdurman yana tara kuɗin jirgin ruwa.

Abin da ya ce wa yaron kuwa shi ne ya kawo shayi biyu, sannan ya ƙaro latas, babban faranti, ya ajiye a gaban sarkin noma.